Usman da akwatin da ya koyi jin Inna

Shekara biyar ke nan da rasuwar ƙanena Usman. Da damina ya tafi, bayan wani zazzaɓi da ya ƙi sauka har muka kai shi asibiti a Wad Madani. Mutuwa rigar kowa, wannan mun sani. Amma bana na fi tuna shi, domin ko'ina na juya sai in ga mutum yana ba wa waya umarni da baki, ita kuma tana bi.

Usman mai gyaran rediyo da waya ne a kasuwar garinmu, Suki. Ya fara karatun lantarki a Madani, sai Baba ya rasu, ya dawo ya riƙe gonarmu ta noman rani, wadda muke cewa hawasha. Da safe yana gona, da yamma yana rumfarsa cikin wayoyi da dalma.

A shekarun nan ne ciwon suga ya cinye idon mahaifiyarmu. Inna mace ce da ba ta son a yi mata abu. Abin da ya fi ci mata rai shi ne sai ta jira wani ya shigo kafin ta ji karatun Alƙur'ani, ko ta kira yayanmu da ke aiki a Saudiyya. Shi yayan namu ya aiko mata da wani ɗan akwati mai jin magana, bai fi gwangwanin madara ba. Larabci kawai yake ji, shi ma na masu karanta labarai. Inna kuwa Hausarta ta Sakkwato ce da ta gada wurin kakanni, ta gauraye da Larabcin yankin Jazira, ga haƙoran gaba sun zube. Ta yi masa magana da lalama, ta yi da tsawa, ko gezau.

"Usmanu," ta ce, "wanga abu kurma na, ko raini na?"

Ni na ba da shawarar a koya mata 'yan kalmomin Larabci yadda akwatin yake so. Usman ya girgiza kai. "Yaya, shi na baƙo. Baƙo ka koyon maganar gari."

Daga nan ya fara haɗa nasa. Ya samo ɗan allon kwamfuta, ya ciro lasifikar tsohuwar rediyon Baba, yana bin bayanai a intanet duk ranar da shabaka, wato netwok, ta yi ƙarfi. Da farko muryar Inna kaɗai ya naɗa. Akwatin ya ji ta a ɗaki, amma da ta fito rumfa, akuya ta yi kuka ko injin ban-ruwa ya tashi, sai ya rikice. Ranar da mura ta kama ta kuwa ko kusa bai gane ta ba. Nan ya fahimci hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: sai abin ya ji bakuna da yawa, a wurare masu hayaniya, kafin ya san kalma ɗaya da kyau.

Sai ya riƙa hawa babur yana bin ƙauyukanmu, har Wad Haddad ya kai lokacin tsinkar auduga. Yana roƙon tsofaffi su ce "kunna", "kashe", "ƙara murya", "kira wane", kowa yadda bakinsa ya saba, ko da ya haɗa da Larabci irin su "halas" ko "tamam". Wasu suka yi masa dariya. Wasu suka ƙi, suka ce ba za a sa muryarsu cikin ƙarfe ba, bai kuwa matsa musu ba. Da yawa sai sun gama kalmomin su zarce da labarin yadda iyayensu suka taho aikin Hajji a ƙafa suka zauna a bakin kogin nan. Bai taɓa kashe na'urar ba sai mai magana ya gama.

Ina wurin ranar da abin ya yi. Inna tana zaune a kan gadon igiya, tana tsinke ganyen yakuwa da laluben hannu. Ta ce, "Kai, kunna min Yasin." Karatu ya tashi. Ta ajiye kwanon, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To, yanzu ya yi hankali."

Bayan rasuwarsa ta yi shekara biyu tana amfani da shi, ba ta sake jiran kowa ba har Allah ya karɓi ranta. Kwamfutar da muryoyin suke ciki kuwa ta ɓace lokacin da yaƙi ya kore mu daga gida. Wannan asarar har yau tana min ciwo.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Wasu na'urorin sun fara jin Hausa, kuma na san zai yi murna. Amma na gwada tawa: in na yi mata irin ta Kano takan gane, in na yi tamu ta gida sai ta kawo wani abu daban. 'Ya'yanmu sun huta da gardama, da Larabci suke yi mata magana, kamar yadda suke yi mana. Ina jin da zai yi tsaki, ya nemi man babur.

Bai bar kamfani ba, ba a rubuta sunansa ko'ina ba. Abin da ya rage nasa a bakin mutane yake. Ranar sadakar bakwai ta Usman wani tsoho da ban sani ba ya zo daga Wad Haddad, ya tsaya a ƙofar mata ya yi min ta'aziyya. Ya ce tun yana yaro, a ofis da asibiti da tasha, ake ce masa ya sake faɗa don ba a gane shi ba. "Ƙanenki kaɗai," ya ce, "ya taɓa ce min in sake faɗa don yana son maganata."

Allah ya jiƙan Usman, ya haɗa shi da Inna a inuwa guda.