Malam Habu Bai Haukace Ba

Ina karin kumallo da safen nan waya ta shigo: Malam Habu ya rasu. Na ajiye kofin, har yanzu yana nan inda na ajiye shi.

Tare muka koyar a wata firamare a Tarauni, tare muka yi ritaya. Lokacin da ƙafata ta karye, kullum shi ke goya ni a Vespa har bakin aji, yana mitar na cika nauyi.

Sai mantuwa ta fara masa. Ya fito masallaci ya rasa layin gidansu a Gyadi-Gyadi. Nan da nan unguwa ta cika da masana. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce aljanu, wata ta ce a rufe shi a ɗaki kada a ji kunya.

Ɗansa ya kai shi Masar, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Likita ya nuna musu wani sinadari, furotin, da ke taruwa a ciki, kamar yadda datti ke toshe kwata. Cuta ce mai suna, an kuma gano ta da wuri.

Ya dawo, ya ɗauko hoton ya kawo majalisarmu bayan la'asar, ya miƙa hannu zuwa hannu.

Ya ce, "Ga aljanin naku, ku gaisa. Ni dai zan ci gaba da zuwa. Ran da na kasa gane ku, kada wanda ya tsare ni da 'Ka gane ni?' Na gama jarrabawa tuntuni. Ka faɗi sunanka ka zauna."

Haka muka yi, har ƙafarsa ta gaza, ya daina fitowa.

Zuwana gidansa na ƙarshe na ce, "Habu, Sule ne." Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ban san ka ba, Alhaji, amma a kawo maka shayi."

To ku ji. Ina zaune a wajen ta'aziyya. Duk wanda ya ce mini "ai dama ya haukace", a gaban jama'a zan ba shi amsa. Tsufa ya rage mini kunya.

Allah Ya jiƙan Habu, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara. Ku sa shi a addu'a, ku kira sunansa sosai: Abubakar.