Ramin Ƙararrawa a Kufan Coci

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri na biyu kan lafiyar al'umma a Manchester, na taɓa yin aikin tono a kufan wata tsohuwar coci. Duk wanda ya san ni zai yi dariya, domin ko tumatir ban taɓa shukawa ba.

A unguwar Rusholme nake zaune a lokacin. Na gama jarrabawa kaina ya ɗau zafi, sai ƙawata ta kira ni daga Birmingham. Bahaushiyar Ghana ce, iyayenta sun daɗe a unguwar Handsworth. Ta ce in zo ƙarshen mako za ta kai ni wani wuri. Na ɗauka gidan cin abinci ne, na sa doguwar rigata ta fita kunya da farin takalmi.

Ranar Asabar da safe muka hau bas biyu, muka sauka a bayan gari, muka ratsa wata gona mai taɓo. Sai ga bangaye uku na dutse a tsaye babu rufi, da dogayen tagogi da iska ke wucewa ta cikinsu, da guntun hasumiya. Mutane kamar goma sha biyu, yawancinsu tsofaffi, sun durƙusa cikin ramuka suna kankare ƙasa.

Shugabarsu wata dattijuwa ce Baturiya. Ta daɗe tana aiki a gidan tarihi na ƙaramar hukuma, sai aka sallame ta a shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ana rufe ɗakunan karatu da wuraren wasan yara. Ba ta zauna a gida ba, ta tara masu aikin sa kai, ciki har da ƙawata. Ta dubi takalmina, sannan ta zagaya da ni.

Ta ce ɗaruruwan shekaru da suka wuce wani mai sarauta ya gina cocin, ya zaunar da limamai da yawa a gidaje kewaye da ita, ya ba su gonaki, su kuma su riƙa yi wa iyalinsa addu'a suna koyar da yaran ƙauye. Daga baya wani sarki ya ƙwace irin waɗannan wurare. Aka kwashe dalmar rufin, aka sauke ƙararrawa, mutanen ƙauye suka ɗebi duwatsu suka yi turken dabbobi. Ta ce akwai wata tsohuwar wasiƙa da ta nuna a nan wurin aka zuba ƙararrawar, amma bazara uku tana neman ramin zubin ba ta samu ba. Gobe Lahadi ce ranar ƙarshe. Litinin mota za ta zo ta mayar da ƙasa, a kewaye wurin da waya.

Aka ba ni cokalin magina. Cikin rabin awa na tono wani abu mai sheƙi, na kira kowa da kowa, ashe murfin kwalbar lemo ne. Cikin ladabi aka mayar da ni rumfar wanki, aka ba ni buroshin haƙori da roba cike da ɓaraguzan da suka ce jan bulon rufi ne da ya ƙone. Dattijuwar ba ta gan su ba tukuna, tana can gefen makabarta.

Na ɗauki na farko, kafin in tsoma shi cikin ruwa hannuna ya tsaya. Bai yi nauyin bulo ba. Bayansa ja ne, cikinsa baƙi mai santsi, kuma ya ɗan lanƙwasa. A gefen da ya karye akwai ƙananan ramuka kamar sawun ƙaiƙayi.

Mahaifina mai zubin tagulla ne a Kano. Ina ƙarama ni nake tankaɗe masa busasshen kashin jaki a zaure, ya kwaɓa da yumɓu ya yi mazubi. Idan tagullar ta huce sai ya fasa mazubin, ni kuma in share. Abin da ke hannuna shi ne sharar da na yi shekaru ina kwashewa ina ƙunƙuni.

Kunya ta hana ni magana, saboda murfin kwalba. Sai na koma bayan bango na kira gida.

"Baba, barka da yamma. Wani abu na tsinta, ina so ka ji."

"Uwata, ke da kika je karatun asibiti, me kike tsinta?"

Na kwatanta masa. Ya ce in murza da yatsa. Na ce yana marmashewa. Ya ce in duba baƙin wajen da kyau, ko akwai ɗigon tsanwa. Na juya shi a rana, ga shi kuwa, ɗis kamar ƙwayar gero.

Ya ce, "Mazubi ne. Kuma abin da aka zuba babba ne. Ina kike?"

Na ce a kufan coci nake. Ya yi dariya ya ce, "To ƙararrawa ce ke nan. Kira mini mai wurin."

Dattijuwar ta zo tana goge hannu a wando. Tana ganin guntun ta zauna a kan bokiti, ta daɗe tana juya shi. Ta tambayi wanda ya tono, ya nuna tarin ƙasar da ke tsakiyar cocin, wadda aka daɗe da hautsinawa. Ba wanda zai iya cewa daga ina ɓaraguzan suka fito.

Nan na zama tafinta. Baba ya ce in gaya mata babu mai hankalin da zai zuba abu mai nauyi nesa da inda za a rataye shi, ta duba gindin hasumiya. Ta ce ta haƙa ciki, ba komai. Ya ce a can ana iska da ruwa? Na ce kullum. Ya ce to ta fita waje, ta nemi gefen da bango ya tare iska, inda ƙasa ta ɗan yi tudu, domin murhu a sama yake, rami a ƙasa, narkakken ƙarfe ya gangara. Ta dubi bayan hasumiyar, daidai inda suka kafa teburin shayi tun bazarar farko. Wani tsoho ya fara dariya, sauran suka kama.

Aka ɗage tebur. Lahadi da hantsi, ni ma ina durƙushe cikin aron takalmin roba da rigar ruwan mahaifiyar ƙawata, ƙasa ta fara sauya launi. Kafin azahar wata da'ira ta fito, ja jawur, ta fi faɗin tabarma, cike da ɓaraguzan mazubi da gawayi. Dattijuwar ta rungume ni da taɓonta da komai, tana kuka tana dariya.

Na sake kiran Baba, na ce an samu. Ya sa na kwatanta masa kaurin mazubin da yawan ramukan. Sannan ya ce, "Mutumin nan ya iya aiki. Sai dai ya yi rowar kashin jaki." Da na fassara, dattijuwar ta ce a nan na doki suke sawa. Baba ya ce, "Shi ya sa."

Ba a ƙara musu ko kwana ɗaya ba. Suka auna ramin, suka zana, suka ɗauki hotuna har rana ta yi sanyi, Litinin aka rufe. Amma dattijuwar ta ce mini abin da aka gani aka rubuta ba ya sake ɓacewa. Bayan wata shida ta aiko mini da rahoton, da layi guda na godiya ga wani mai zubin tagulla a Kano.

Har yau idan na tuna sai in ji daɗi ya cika ni. Na je Ingila ina ganin duk ilimi a can yake, ni ɗiba kawai na zo yi. Ban san akwai wanda na taho da shi daga zauren gidanmu ba, a cikin yatsuna. Baba kuwa ya tsufa, ya bar wa almajiran sana'arsa wuta, amma yana zama a bakin maƙera. Idan baƙo ya raina aikinsu, sai ya gyara zama ya ce, "Malam, ka bi a hankali. Ni da kake gani har Ingila na yi aiki."