Kawu Labbo da Ɗan Cidansa

Duk wanda ya san tashar motar Ƙaura Namoda ya san Kawu Labbo mai fenti, da buroshinsa na gashin akuya soke a bayan kunne. Ko masallaci da shi yake shiga! Ni nake kai masa fura in an tashi makaranta, sai in raɓe gefe ina kallo, ba na cewa uffan.

Aikinsa zane a bayan manyan motoci, amma fa ba abin da aka sa shi ba. Jaruminsa kaɗai yake zanawa, Ɗan Cida, wani ƙato mai jar alkyabba da ke tashi sama. Labari ne guda, kowace mota da nata kashin.

Wani direban Shinkafi ya zo yana huci. "Labbo, zaki na ce ka yi man!"

"Zakinka na nan."

"Ina?"

"Ɗan Cida ya jefa shi Zurmi. Tai ka duba bayan motar Ige."

Ranar kasuwa yara har rige-rige suke yi su ga ci gaba. Da wani kashi ya ɓace, suka yi masa caa: "Kawu, ƙaƙa ya fito daga rijiyar?"

"Ku tambayi Ikko, can aka sai da motar. Ba ni sakewa, fenti ba ruwan gulbi ba ne!"

Akwai abin da ni kaɗai na lura da shi. A kusurwar kowane zane akwai wata 'yar mace mai koren kallabi, riƙe da ƙwarya, kullum Ɗan Cida wajenta ya nufa. Inna ta ce Hajo ce, wadda Kawu ya so tun suna yara. Ba su shekara da aure ba zazzaɓi ya ɗauke ta, shi kuwa bai sake kallon kowa ba.

Wata rana na daure. "Kawu, Ɗan Cida mai ɗaga jirgin ƙasa da hannu guda, ya kasa isa wurinta?"

Har buroshin ya faɗi. "La ilaha! Ashe kina magana!" Ya sunkuya ya ɗauki buroshin. "Shina tahe, ɗiyata. Hanyar ce da nisa."

Daga nan na riƙa sa tafin hannuna ina gwada tazarar da ke tsakanin Ɗan Cida da Hajo. Kowace mota, tana raguwa. Da tari ya kama Kawu, tsorona ɗaya, kada fentin ya tsaya bai isa ba.

Motar hatsi ta Moriki ce aikinsa na ƙarshe. Sai bayan sadakar uku na gan ta. Ɗan Cida ya sauko ƙasa, ya shimfiɗa wa Hajo alkyabbar ta zauna, yana shan fura a ƙwaryarta. A bayan kunnensa ga buroshi.

Direban ya ce, "Ni fa doki na ce ya yi man." Ya share ido da hannun riga. Har motar ta mutu bai bari an shafe ba.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe masa zakunan mutane, ya sada shi da Hajonsa a inda babu sauran nisa. Amin.