Wudil ɗin 'Yardada

Duk unguwar Sheshe an san 'Yardada mai turaren wuta ba ta yarda da kowa ba. Ka yaba zaninta, ta tambaye ka me kake nema. Ka ce jikarta Bahijja ta yi kyau, kafin ka kai ƙofar gida ta tofe yarinyar da addu'a. Ita ta riƙe Bahijja tun daga yaye, kuma a duniya babu abin da take tsoro kamar bakin mutane. Mu maƙwabta mun saba, har tsokanarta muke yi.

Bahijja tana jami'a, ta ƙera wani ɗan mutum-mutumi mai shiga kwata yana kwashe shara. Aka gayyace ta Kigali ta ƙasar Ruwanda, taron masana irin waɗannan na'urori. Da farko 'Yardada ta rantse masu safarar 'yan mata ne, sai da malamar Bahijja ta zo gida ta ce tare za su tafi, sannan ta amince. Amma ta kafa sharaɗi: ba sallama. A unguwarmu kuwa ko Zariya za ka, sai ka bi gida-gida ka nemi addu'a. Ita ta ce idan labarin jirgi ya shiga bakin mutane, yarinyar ba za ta dawo lafiya ba. Duk wanda ya tambaya, sai ta ce Bahijja ba ta jin daɗi, an kai ta Wudil ta huta.

A can Bahijja ta gabatar da aikinta, aka zaga da su gonakin shayi da bakin tafkin Kivu. Hotunan kuwa, kakarta kaɗai take tura wa, tsohuwar ta kalla a ƙuryar ɗaki ta tura wayar ƙarƙashin filo.

A nan kuwa magana ta fara tafiya. Budurwa ta ɓace babu sallama, ciwo babu suna, an hana kowa zuwa dubiya. Talatu mai ƙosai ta ce ƙanwarta tana aure a Wudil, ba ta ga kowa ba. Mata suka koma yin shiru idan 'Yardada ta shigo gidan suna. Ni kaina, Allah Ya yafe mini, na yi zargi.

Ranar da maganar ta iso kunnenta yadda take, sai ga 'Yardada da waya a hannu tana shiga gida-gida, mayafi a karkace, tana nuna Bahijja a gaban Turawa da na'urarta. Wallahi ta ba ni tausayi.

Talatu ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta miƙa mata wayar.

"Baba 'Yardada, yanzu ai waya tana haɗa kowane irin hoto. Ke da bakinki kika ce mana ba ta da lafiya."

Tsohuwar ta juyo ta dube ni, ta ce, "Ke ma ba ki yarda ba ko?"