Hannun Dama a Ajin Malama Hasiya

Duk wanda ya yi firamare a unguwar Kinkinau a shekarun 1980 ya san Malama Hasiya, ko da a murya ne. Bango ɗaya ya raba ajina da nata, ni aji huɗu ita aji biyar, to ni kam na sha muryar nan har na ƙoshi. Bazazzagiya ce, gajera, mai saurin hannu. Mijinta direba ne, ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu a ɗakin haya, allo da alli su ne gonarta. Sau uku tana zama jarrabawar takardar malanta, sau uku Turanci na kayar da ita. Amma wallahi ban ga mai cusa wa yaro Turancin kamarta ba.

Sai ka ji ta: "In mai aiki shi kaɗai ne, kaya a kansa, a ɗora wa aikin harafin s. He goes. In suna da yawa, an sauke kaya. They go. Kai Isa, kunnen ƙashi gare ka?" Ga ta da zafin tarbiyya. Yaron da ya miƙa mata littafi da hagu, a bakin ƙofa zai tsinci abinsa.

A 1987 labari ya zo za a rage malamai marasa takarda, kuma sufeto zai zagayo ya ga koyarwar kowa kafin a fitar da sunaye. Ni ma ba takardar gare ni ba. Hedimasta, Malam Nuhu, ya tara mu a ofis ya turo ƙofa.

Ya ce, "Ga dabara. In an yi tambaya, kowane yaro ya ɗaga hannu. Wanda ya sani dama, wanda bai sani ba hagu. Ku kuma ku zaɓi na dama."

Hasiya ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ha'inci ne."

"To Malama, ki dafa wa 'ya'yanki gaskiya su ci."

Kwana uku muna horar da yara, mu duka har da Hasiya.

Ranar Laraba sufeton ya iso a kan babur, wani Malam Ja'afaru, dogo, fuska ba annuri, jan biro a aljihu. Da ajina ya fara. Yarana suka ɗaga hagu da dama yadda aka tsara, na zaɓa, aka amsa, ya rubuta ya fita. Na lallaɓa na tsaya jikin tagar Hasiya.

Ta rubuta jimla a allo, ta ce a zaɓa, go ko goes. Da ta juyo, hannu saba'in da 'yan kai a sama, duk na dama. Ko ɗaya babu hagu! Ta kira Isa a layin gaba, ya amsa daidai. Tambaya ta biyu, haka nan, duk dama. Ta sake kiran wata a layin gaba.

Sufeto ya ce, "Malama, na baya fa? Ba 'ya'yanki ba ne?"

Ta dubi baya. Wata Mairo ta fi kowa miƙa hannu, har da ɗage. Hasiya ta kira ta. Yarinya ta miƙe ta yi tsuru-tsuru, ko a ba ta ce ba.

Zafin nan ya kwashe Hasiya. "To don me kika ɗaga?"

Mairo ta ce, "Kin ce wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Amma Malama, ga baƙo. Ba a ɗaga wa babba hagu."

Innalillahi! Sufeto ya rufe littafinsa ya dubi Malam Nuhu, wanda ke tsaye bakin ƙofa. Shi kuwa, Allah ya isa, ya buɗe baki ya ce, "Yallaɓai, yau na fara ji."

"Malama Hasiya," in ji sufeto, "ajin nan ne kaɗai, ko duk makarantar?"

Ta waiwayo taga, muka haɗa ido. Mu shida ne marasa takarda, kuma ta san kowa da abin da ya baro a gida.

Ta ce, "Yallaɓai, yaran nan ni na koya musu. Zauna, Mairo, ba ki yi laifi ba." Ta juya ga allo ta ƙarasa darasinta har aka kaɗa ƙararrawa.

Bayan mako biyu sunayen waɗanda aka sallama suka fito. Nata ne kaɗai daga makarantarmu. Ta koma Rigasa wurin yayanta, tana koyar da matan aure karatu a tsakar gida, har Allah ya karɓi abinsa a 1996. Ni na yi shekara talatin da biyar ina aiki, na yi ritaya da mutuncina, kuma har yau kunya nake ji. Ranar nan ina tsaye jikin taga, bakina lafiya lau, ban ce uffan ba.