Famfon da Ya Ƙi Mutuwa a Jirgin Mika'ilu

Kullum da safe Malam Ɗayyabu kan shiga jirgin ƙasa daga tashar Titiwangsa, a nan ƙasar waje, takunkumi a fuska, jakar kayan aiki a cinya, sai wata rumfa a bayan gari inda masu sha'awa ke harhaɗa ƙananan jiragen sama da hannunsu. Shi ne mai haɗa musu wayoyin wuta. Ƙa'idarsa guda ce: duk rile da zai sa wa jirgi, wato ɗan akwatin nan mai haɗa wuta da yanke ta, sai an sayo biyu. Ya fasa ɗaya, ya leƙa cikinsa, sannan ya yarda da ɗayan.

Lokacin korona rumfar ta zama kufai. Cutar ta tafi da amininsa Mika'ilu, ɗan kasuwa, ya bar jirgi mai kujera biyu saura ƙiris a gama. Da aka sassauta kulle, ɗan marigayin, Ziyad, wanda ya koyi tuƙin jirgi, ya rantse shi zai tashi da shi.

Ziyad ya ba ni labari da bakinsa. Da rana tsaka, shi kaɗai a rumfar, ya murɗa makulli, famfon mai ya kama gurnani. Ya kashe. Famfon bai tsaya ba. Ya zare makullin ya sa aljihu, abu na ta yi. Ga rigar aikin mahaifinsa rataye a kan fiffike, yadda ya bar ta. Da baya da baya ya fita, ya kira Malam Ɗayyabu a waya, wai Baba bai yarda a taɓa masa jirgi ba.

Malam Ɗayyabu bai yi masa dariya ba. Ya zo, ya cire kan batir, rumfar ta yi tsit. Ya fasa rilen, sai ga ƙarafunan ciki biyu sun narke sun manne. Ashe rilen na wutar gida ne. Marigayin ya saye shi a wani kedai, wato shago, a unguwar Brickfields don gwaji, da yake kaya sun daina shigowa. Ita kuwa wutar batir, in ji Malam Ɗayyabu, ba ta hutawa kamar ta gida, tartsatsinta sai ya gasa ƙarfe.

"Ɗana," ya ce, "da a sama mai ya tsiyaya, da me za ka kashe famfon?"

Kai ne ka ɗaure jirgin nan da sarƙa wata da watanni, Malam, Ziyad na fushi, har rilen wutar batir ya iso. Mai kunnen jin ƙarfe, mun gode. Yanzu da za ka koma Kano, Allah ya ba masu sana'a irin taurin kanka.

Ranar da Ziyad ya tashi, mahaifiyarsa Hasna ta ƙi ɗaga kai. Fuskarka kawai take kallo, har ya sauko.