Sunan da Delu Ta Faɗa a Tirmini

A Garin Mala, wani ɗan ƙauye da ke ƙasar Tirmini yamma da Damagaram, in ka ce Delu mai ƙuli kowa ya san wadda kake nufi, ko da yake an daɗe rabon da a ji ƙamshin suyar gyaɗa a gidanta. Gajeruwa ce, baƙa, mai saurin hannu da kaifin baki. A zamanin da take zuwa kasuwa da kwallar mai da ƙuli, ba wanda ya isa ya taya mata kaya tayin wulaƙanci ya tafi bai ji a jikinsa ba.

Fari ne ya yi mata rakiya tun daga haihuwa. An haife ta a shekarar da shanu suka ƙare, uwarta ta yi jego da kunun dusa. Tana 'yar talla wani farin ya sake zuwa, wanda aka ci jar dawar taimako har yara suka yi ta ciwon ciki. Shi ya sa Delu ba ta lissafin shekarunta da lamba. In an tambaye ta sai ta ce ta ci anza sau biyu, tana jiran na uku. Anza kuwa 'ya'yan wani itace ne masu ɗacin tsiya, sai an yi kwana da kwanaki ana jiƙa su ana zubar da ruwan kafin su ciwu, kuma ba mai kula su sai shekarar da rumbu ya ƙone.

Ta auri Idirisu, manomin gero da gyaɗa, mutum mai sanyi wanda bai da abokin gaba a duniya sai mai karɓar lanho, wato harajin kai. Da ta haifi ɗanta na fari aka sa masa Alkasum, sunan mahaifin mijinta. Kunya biyu ke nan ta haɗu mata a kan yaro ɗaya, ga ɗan fari ga sunan suruki. Matan zamaninta sun fara sassauta wannan al'ada, wata ta laƙaba wa nata Babangida, wata Maigari, ta samu abin kira. Delu ko wannan ba ta yi ba. In yana kusa, "kai". In ba ya nan, "yaron nan". Tana yaye shi ta miƙa wa kakarsa, a can ɗakin ya girma, bango ɗaya tsakaninsu.

Ran da ya faɗo daga kan gawo ya karya hannu, aka shigo da shi gida yana tsala ihu, Delu na daka a tsakar gida. Ba ta ajiye taɓarya ba, ba ta waiga ba. Sai dai geron ranar ya daku har ya wuce misali. Tsofaffin gari suka yi ta yabo, suna cewa Delu akwai kara, irinsu sun ƙare. Yabo kuwa abu ne mai arha, ba ya cin wa mai yinsa komai. Ba wanda ya tambaye ta abin da ta ji a cikinta, ita ma ba ta ga wanda za ta gaya wa ba. Tana son yaron nan fiye da kowa a duniya, kuma iyakar abin da son ya iya yi shi ne ta zaɓi ƙulin da ya fi soyuwa ta ɗora a kan katanga inda zai bi ya gani. Ya kan ɗauka ya wuce, ba ya godiya, don godiyar ma tonon asiri ce.

Idirisu, saboda gudun lanho, bai taɓa sa yaron cikin kartin iyali ba, wato takardar da hukuma ke rubuta mutanen gida. Kullum cewa yake sai baɗi. Ya sa ƙanwar yaron, Ramlatu, don a shekarar da aka haife ta ana rabon abinci bisa yawan kawuna, amma Alkasum baɗinsa ba ta zo ba har sanƙarau ya ɗauke Idirisu a wani rani. Ramlatu ta yi aure can wajen Dogo. Gida ya rage daga Delu sai ɗan da ba ta kiran sunansa.

Sai fari na ukun da take jira ya iso. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, gyaɗa ta bushe a ƙasa. Samari suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya Alkasum, wanda a lokacin gemu ya fara tsiro masa, ya zo ya tsuguna a bakin ƙofarta tana tankaɗen dusa.

"Inna, zan bi su Sani zuwa Kano."

"Allah ya tsare," in ji ta, idonta na kan rariya.

"Na ji a rediyo za a yi sabon rubutun zaɓe. Bana na isa. In masu rubutu sun zo, a sa ni."

"To."

Ya ɗan jima a tsugune kamar mai jiran wani abu, sannan ya miƙe. Ba ta raka shi ko zaure ba. Sai da ta daina jin takunsa ta lura rariyar ba komai a cikinta tun ɗazu.

Damina ta zagayo bai dawo ba. Labarinsa ya zo ta bakin Alhaji Salisu, wani Bakano mai kawo atamfa kasuwar Damagaram, wanda a shekarun wadata ya kan sayi man gyaɗa a hannunta. Ya aiko a gaya mata ya ga yaron yana tura kurar ruwa, ya yi jinya ya rame, abin da yake samu bai wuce na ci ba. Ya ce ya yi masa tayin ya biyo motar kayansa zuwa gida, yaron ya ƙi, wai da wane ido zai shiga gari hannu rabbana.

A nan ne maganar rubutun zaɓe ta zama wa Delu wani abu dabam. Ita siyasa ba ta dame ta ba, ta sha jefa ƙuri'a inda Idirisu ya nuna mata. Amma ta san abu ɗaya da kowa ya sani a ƙasar nan. In zaɓe ya matso, 'yan siyasa kan tura manyan motoci har Kano, a tsaya a tasha a kira sunayen waɗanda aka rubuta a garuruwansu, a kwaso su kyauta. A irin wannan motar ba mai kunyar dawowa, mai jaka da marar jaka duk zaɓe ya kawo su. In sunan yaron nan ya shiga takarda, mota za ta kawo mata shi.

Da yake ƙauyuka sun zama rabin kango, masu rubutu ba su bi gida gida ba, suka kafa teburi a gindin wata bishiya kusa da kasuwar Tirmini, aka ce kowa ya je can. Delu ta shirya da Baba Nomau, yayan mijinta, shi zai zama bakinta ya faɗi sunan. Amma yunwa ta kumbura masa ƙafafu, ko masallaci sai da ja. Mutanen Garin Mala suka je suka dawo, ita tana jiran kumburi ya sauka. Da za ta iya aika wani cikinsu, amma aika ma sai ta yi maganar yaron a gaban mutane, kuma ta saba abin da ya shafe shi a cikin gida yake tsayawa. Haka ta yi ta jira har aka ce gobe masu rubutu za su tashi.

Ta fita da sassafe ita kaɗai, ruwan anza kawai a cikinta, kartin iyali ɗaure a bakin zane. Ta san yaron ba ya ciki. Amma a ganinta ai uwa ta fi takarda.

Ta tarar da layi ya miƙe, ba fuskar da ta sani ko ɗaya. Mai rubutun wani matashin malamin lakwal ne, wato makarantar boko, daga Damagaram, ana ce masa Mushe kamar yadda ake kiran malamai, gumi ya jiƙa masa riga. Ta ga mata na miƙa karti, ana rubuta 'ya'yansu da ke Kano da Agadas ba tare da gardama ba, sai hankalinta ya ɗan kwanta. Da layi ya zo kanta ta miƙa nata, ya rubuta ta, ya mayar mata. Sai da ta ɗaure shi tam a bakin zane sannan ta ce, "Mushe, akwai yaron nan."

"Wane yaro, Inna?"

"Na wajena. Yana Kano."

"Sunansa?"

Delu ta dubi ƙasa. Malamin ɗan gari ne, ya gane nan take, ya yi murmushi. "Na fari ne ko? To sunan wa ya ci?"

"Kakansa."

"Shi kakan wa sunansa?"

"Uban maigidana ne, Mushe."

Matan da ke bayanta suka kwashe da dariya. Malamin ya ajiye alƙalami ya ce ba komai, zai riƙa faɗi, in ya dace ta gyaɗa kai. Usman? Ta girgiza kai. Salisu? Gambo? Habu? Mutanen layi suka sa baki, wannan ya jefo Lawali, wancan ya jefo Mamman, wata tsohuwa ta bi sunayen annabawa har ta ƙare ta koma kan sahabbai. Abin ya zama wasa, mutanen da suka kwana da yunwa suka samu abin dariya, ba kuma za a ga laifinsu ba. Delu kuwa kowane suna aka faɗa sai ta ji kamar an wuce ɗanta a hanya ba a gan shi ba. Ba wanda ya faɗo a kan nasa.

Rana ta take. Wani daga can baya ya fara gunaguni, yana da tafiya mai nisa. Malamin ya share gumi ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, mutane na jira. Ko ki je ki zo da wani ya faɗa."

"Gobe kuna nan?"

"Yau muke tashi."

Ta tsaya. Abin da ta riƙe tun tana amarya, abin da ya hana ta waiga ran da aka shigo da shi da karyayyen hannu, shi ne za ta zubar a kasuwa gaban baƙi. Ta tuna shi yana tura kura da jikin da bai warke ba.

"Alkasum," ta ce.

Ya fito a shaƙe, malamin bai ji ba, ya miƙo kunne. Ta sake faɗi, wannan karon har na bayan layi suka ji. "Alkasum Idirisu."

Dariya ta ɗauke. Tsohuwar nan mai sahabbai ta kau da kai, ta ja gyale ta rufe baki. Malamin ya ɗauki alƙalami ya ce, "Madalla. Kawo kartin in duba shekarunsa."

Ta kwance bakin zane a hankali. Ya duba gaba, ya duba baya.

"Inna, ba ya ciki."

"Ni na haife shi, Mushe."

"Na yarda, wallahi na yarda. Amma wanda ba ya nan sai da takarda muke rubuta shi. Da yana nan tsaye, shaidu biyu sun isa." Ya kasa kallonta. "Da na sani da na fara duba kartin. Ki yafe ni."

Ba ta yi masa faɗa ba, ita da ake tsoron bakinta a kasuwar nan. Ta karɓi kartinta ta ɗaure, ta kama hanya. Ta yi kuka a hanyar, kuka sosai, ba kowa sai gonakin da aka sake shukawa.

Daminar ta yi kyau, aka samu gero. Bayan girbi zaɓe ya matso, motocin Kano suka fara isowa. Delu ta je bakin titin Tirmini ta tsaya, don zuciya ba ta jin magana, ta ce ko wani ya tausaya ya ɗauko shi. Samari na ta dirowa da buhuna da rediyoyi. A mota ta ƙarshe ta hango Sani, wanda suka tafi tare, ta tare shi.

"Sani, ina Alkasum?"

Yaron ya yi turus. Tun da yake bai taɓa jin sunan daga bakinta ba, sai shi kunya ta kama. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi ta kame-kame, ta ce ya faɗi abin da ya sani.

"Ya zo tasha, Inna, da 'yar jakarsa. Ya tsaya har aka gama kiran sunaye. Da bai ji nasa ba muka ce ya shigo haka nan mu matsa masa, ya ƙi. Ya ce ba komai, dama ya san ba za ki iya faɗa ba. Na ji ana cewa zai yi kudu da wasu."

Delu ta ce, "Na faɗa."

"Na'am, Inna?"

"Na faɗa. Sau biyu."

Tana nan da ranta a Garin Mala, ta tsufa fiye da shekarunta. Ran kasuwa ta kan fito bakin titi, duk motar da ta tsaya mai zuwa Najeriya sai ta leƙa ta ce wa direba, in ya ga wani yaro Alkasum ya gaya masa uwarsa ta faɗa. Direbobi su ce to, Inna, in sha Allahu. Tsofaffin da suka yabe ta da kara yanzu cewa suke Delu ta taɓu. Shi kuwa mai sunan, har yau bai ji ba.